Matar Herbod da ke kan bishiyar tuffa

A Ermbak babu wanda ya shiga ƙasa sai ta hannun Herbod. Ubansa ne mai haƙa kabarin garin kafin shi, kakansa kuma kafin uban, har ana cewa zuriyar nan da shebur ake haifarsu. Shi ke kaɗa ƙararrawar coci kuma, don garin ƙarami ne, bai isa ya ciyar da baki uku a hidimar Allah ba, Fada, wato limamin cocin, da Herbod sun ishe shi. Dogon mutum ne mai sanyin tafiya, idonsa kullum kamar na wanda bai gama farkawa ba. Yana cikin haƙa sai ka ga ya tsaya, ya dafa shebur, yana kallon gajimare har ƙasar da ya tono ta bushe. Ana yi masa kallon sakarai-sakarai, amma ban taɓa jin wanda ya ce ya karkata masa kabarin uwa ba.

Matarsa Odila 'yar mai niƙan garin ce, gajeriya, mai saurin hannu da saurin baki. Faɗa ne ya haɗa su. Da ƙararrawar rana take auna gashin burodinta, wata rana kuwa Herbod ya shagala da kallon shamuwa a kan rufi, bai kaɗa ba sai da rana ta karkata. Ta iske shi a ƙofar coci da baƙin burodi a hannu.

"Kai ne mai ƙararrawar nan? To ga aikinka, ka ci."

Ya karɓa, ya gutsura, ya tauna a hankali. "Ai da ɗan dama-dama."

"Da ɗan dama-dama? Gawayi ne fa."

"Na taɓa cin wanda ya fi shi muni," in ji shi, ya ƙara gutsura.

Kafin a girbe tuffa a shekarar an ɗaura musu aure a bakin wannan ƙofar. Ita ke magana, shi yana gyaɗa kai, kuma zaman ya yi musu daɗi fiye da na mutane da yawa masu wayo.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Irmel. Ta yi wayo har tana kiran sunan kowace akuya a unguwa, sannan tari ya ɗauke ta cikin wani sanyi mai tsanani. Herbod da kansa ya fasa daskararriyar ƙasa ya kwantar da ita a gindin tsohuwar bishiyar tuffa, a kusurwar gabas ta maƙabartar coci. Odila ba ta yi kuka mai yawa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Irmel yarinya ce mai tsoron ƙara, ko ƙararrawar ubanta aka kaɗa sai ta toshe kunne ta ɓuya a zanen uwarta.

"Ranar da za a busa ƙahon tashi," in ji Odila, "yarinyar nan za ta firgita. Za ta tashi ta ga duk baƙi. Maigida, ka bar mini wuri a gefenta, in na tashi in toshe mata kunne."

Herbod ya auna wurin da ƙotar shebur, ya kafa dutse. Masu hali sun nemi wurin saboda inuwa, ya ce musu akwai mai shi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har manya suka sami saɓani. Bishop ɗinmu yana zaune a birni, can ƙasa da kogi, kuma duk abin da ke cikin ganuwar nasa ne: cocin, da kasuwar, da kurkukun, da dawakin yaƙi. Allah ya ba shi sandar kiwon tumaki, shi ya ƙara wa kansa kulki na ƙarfe. Wai an hana malaman coci zubar da jini da takobi, to kulki ai ba ya yanka, fasa kai kawai yake yi. Mu kuwa talakawan Ditmar ne, sarkin da ke gidan dutse a kan tudu. Da babban sarkin ƙasar ya rasu sai mutum biyu suka tashi neman gadon. Bishop ya ɗora wa ɗaya kambi, Ditmar ya yi wa ɗayan mubaya'a, ya kuma sauko ya ƙwace hasumiyar Bishop da ke tsare gadar kogi. Bishop bai iya hawa tudun ya kamo shi ba, sai ya sa wa duk ƙasarsa takunkumi.

Ranar da saƙon ya zo, Fada Gozwin, limamin cocinmu, ya tara mu ya faɗa mana. Aka kashe kyandirori aka kifa su a ƙasa. Aka lulluɓe fuskokin siffofin tsarkaka da tsumma, aka fitar da mu, aka jibga ƙaya a bakin ƙofa. Babu sujada, babu ɗaurin aure, babu ƙararrawa, babu binne gawa a ƙasar coci, sai baftismar jarirai da sauraron tuban mai mutuwa. Ditmar kuwa yana kan tudunsa yana cin naman barewa, da limaminsa na gida yana yi masa addu'a a ɗaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Garin ya yi shiru irin wanda ba mu taɓa sani ba. Da ƙararrawa ta daina, lokaci ya kwance. Masu noma suka riƙa dawowa gida da hantsi suna zaton rana ta yi, shanu suna tsayawa a bakin shinge suna jiran abin da ba su san sunansa ba. Lahadi ta ɓace cikin sauran ranaku. Herbod yakan tashi da safe ya taka har gindin hasumiyar ƙararrawa, ya tsaya, hannuwansa su ɗaga da kansu su ja iska, sannan ya koma gida.

Mutuwa dai ba ta san da takunkumi ba. Da farko aka riƙa kai gawa bakin hanya, a tona rami kusa da kwata a rufe, ba addu'a. Waɗanda zuciyarsu ta kasa ɗauka suka koyi wata dabara daga ƙauyen gaba: ƙasar coci aka hana, ba a ce komai game da iskar coci ba. Sai a liƙe akwati da kwalta, a ɗaure da igiya, a rataye a reshen bishiya cikin maƙabarta, mamaci ya jira a can har manya su shirya. Fada Gozwin ya yi tunani, ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba, ya kau da kai.

Da kaka zazzaɓi ya kwantar da Odila. Ta rame har zobenta ya faɗi, amma bakin yana nan.

"Kada ka kai ni bakin hanya," ta ce. "Karnukan garin nan duk na taɓa jifansu, za su rama."

"Ba zan kai ki ba."

"Gefen Irmel. Ka ce."

"Gefen Irmel."

"Kuma kada ka tsaya kallon gajimare kana haƙa, ka bar ni a rana."

Ta rasu da hantsi, ana jin ƙanshin tuffar da ta yanka ta shanya a kan rufi. Herbod ya haɗa akwati da katakon da ya daɗe yana ajiya, ya liƙe kowace kafa da kwalta da kakin zuma, ya tufka igiyar rama mai kauri. Maza suka taya shi ja, akwatin ya hau sama a hankali har ya tsaya daidai saman kabarin Irmel. Tsakanin uwa da 'ya bai fi tsayin mutum da rabi ba.

Washegari ya zo da shebur ya haƙa kabarin, a wurin da ya kafa dutse. Fada Gozwin ya iske shi a ciki har ƙugu.

"Herbod, na san abin da ke ranka. Shebur a hannunka yake, ni kuma tsoho ne, idona ba ya gani sosai. Amma Bishop yana da kunnuwa a garin nan. In ka sa ta, za su zo su tone ta su jefa a kwata, su ce ƙasar ta ƙazantu. In ta ƙazantu, abin zai shafi har yarinyar."

"Ba sa ta zan yi ba, Fada. Gyara mata wuri nake yi, kada a shirya a same ni ban gama ba."

"Wa ya ce maka an kusa shiryawa?"

"Ai manya ne, ba za su daɗe suna fushi ba."

Fada ya dube shi, ya tafi.

Ramin ya zauna a buɗe. Da ruwa ya sauka ya cika shi, Herbod ya kwashe da guga. Kwaɗi suka tare, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya yana kai su rafi yana ba su haƙuri. Gefe ya zube, ya sake daidaitawa. Ƙanƙara ta sauko ta yi wa akwatin farar hula, bazara ta zo ta cire, furen tuffa ya zubo a kan murfi da cikin ramin har ƙasan ya yi fari. Wasu ƙananan tsuntsaye suka yi sheƙa a inda igiya ta haɗu da katako, suka ƙyanƙyashe, suka tafi, suka dawo.

In iska ta kaɗa, akwatin yakan juya a hankali, igiya ta yi ƙara a jikin reshe. Herbod bai san ranar da ya fara amsawa ba. Yakan zo da safe da burodinsa da albasa, ya zauna a bakin ramin ƙafafunsa suna lilo a ciki, ya ɗaga kai ya ba ta labarin gari: wanda akuyarsa ta haihu, wanda ya sha giya ya faɗa rafi, yadda kabeji ya yi tsutsa bana. In igiyar ta yi ƙara gajeriya, ta yarda ke nan. In ta ja ƙarar, to faɗa take yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, na ji." Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana gyaɗa kai, yanzu shi ne mai surutu a gidan. Wani lokaci da rana tsaka, in zafi ya kwanta a kan ciyawa, yakan ga kamar tana zaune a kan murfin tana kaɗa ƙafa tana ɓare wake, yarinyar kuma tana ƙasa tana tsince abin da ya faɗo.

Metza mai dafa giyar sha'ir, wadda bakinta bai bar kowa ba, takan leƙo ta kan katanga in za ta rijiya.

"Herbod, a gaishe mini da uwargida. Ita kaɗai ce mace a garin nan da mijinta ke ɗaga kai ya dube ta."

"Tana amsawa. Ta ce giyarki ta jiya ruwa ya yi yawa."

"Ka ji munafuka. Tana sama ma ba ta bar ni ba."

Tuffa ta yi fure ta zubar sau da yawa. Akwatuna suka ƙaru a sauran bishiyoyi. Yaran da aka haifa bayan an sa takunkumi suka yi wayo ba su taɓa jin ƙararrawa ba, suna zaton haka ake yi da matattu ko'ina. Herbod yana canja igiya duk shekara, amma wata kaka da ya hau tsani sai gwiwarsa ta yi rawa, ya rungume reshe ya daɗe bai motsa ba. Tsoro ya kama shi sosai. In ya mutu, wa zai canja igiya? Wa ya san cewa ramin nan nata ne, ba na kowa ba?

A lokacin Bishop ya fito da rundunarsa ya yi wa hasumiyar gada ƙawanya. Herbod ya cika kwando da tuffar bishiyar, ya saɓa, ya kama hanyar kogi. Sojoji suka yi ta yi masa dariya suna ɗibar tuffar, amma suka bar shi ya wuce, don babu wanda ke jin tsoron tsoho da kwando.

Ya iske Bishop a cikin babbar laima. Ya yi zaton zai ga haske, sai ya ga wani dattijo mai kumburarriyar ƙafa a cikin kwanon ruwan ɗumi, sulke yana leƙowa ta wuyan rigar coci. Doguwar hularsa ta Bishop tana rataye a kan mashi. Herbod ya durƙusa ya sumbaci zoben hannunsa.

"Allah ya ja zamaninka. Ni ne mai haƙa kabarin Ermbak."

"Ermbak," in ji Bishop, kamar mai neman abu a tsohon buhu. "Ƙasar Ditmar. Me ka kawo mini, ɗana?"

"Tuffa, ranka ya daɗe. Ta bishiyar da matata ke kai."

Ya ba shi labarin duka, har da Irmel da tsoron ƙaho. Bishop ya ɗauki tuffa ɗaya ya goge a hannun riga, ya ciza, ya lumshe ido. Ya daɗe yana taunawa. Ya ce a gidan da ya girma akwai irin wannan bishiyar, uwarsa takan gasa masa 'ya'yan a toka. Herbod ya ji zuciyarsa ta yi sanyi, ya ɗauka an gama.

"Mutum ɗaya nake roƙo, ranka ya daɗe. Ramin ma a shirye yake. Ba sai an kaɗa ƙararrawa ba."

Bishop ya buɗe ido. "Ɗana, dawakina ba sa iya hawa tudun Ditmar. Amma duk akwatin da ke lilo a bishiya a ƙasarsa, talakawansa suna gani suna tsine masa. Wannan ya fi mini mahaya ɗari. In na sauke taka, gobe wani ya zo da kwandon albasa, jibi na tashi ba ni da runduna. Matarka yaƙi take yi mini, kuma Allah zai ba ta lada."

"Ranka ya daɗe, ko kaza ba ta iya yankawa. Ni take kira."

Bishop ya yi dariya har ruwan kwanon ya motsa. Ya sa masa albarka da yatsu biyu, ya ce a ba shi miya kafin ya tafi, a kuma bar kwandon. Ba mugun mutum ba ne a fuska, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Herbod ya dawo ya zauna a bakin ramin. "Odila, ashe soja kika zama ban sani ba." Igiyar ta ja ƙara mai tsawo, ya yi murmushi ya ce shi ma haka ya gaya wa Bishop.

Daga nan bai ƙara zuwa roƙon kowa ba. Ya koya wa kansa hawa tsani a hankali, ya ci gaba da kwashe ruwa da kai kwaɗi rafi. Gashinsa ya yi fari tas. Ya daina ƙirga shekarun takunkumi, ya daina tambayar fatake labarin yaƙi. In ya ce "gida", mutane sun san gindin tuffa yake nufi.

Sulhun ya zo ba zato, wata bazara, bishiyar tana cikin fure. Wai ɗaya daga cikin masu neman sarautar ya faɗo daga doki ya karya wuya, sai Bishop da Ditmar suka ga ba su da sauran abin faɗa, suka sumbaci juna a tsakiyar gada. Ditmar ya mayar da hasumiya, Bishop ya ba shi wani daji ya riƙa farauta. Shi ke nan, an yi ruwa an ɗauke.

Fada Gozwin, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya shigo maƙabarta yana haki. Ana jin samari suna janye ƙaya daga bakin ƙofa.

"Herbod, an ɗage. Ka ji ni? An ɗage. Sauke ta."

Herbod ya tashi tsaye. Ya dubi ramin, ya dubi akwatin da fure ya lulluɓe. Fada ya taɓa kafaɗarsa.

"Fada, a ɗan bari mana furen ya gama zuba."

"Me ka ce?"

"Ko zuwa kaka. Tsuntsayen ma ba su ƙyanƙyashe ba. Ai ba ta tare wa kowa hanya ba."

"Kai da ka taka har gada kana roƙo?" Fada ya sassauta murya. "Ba zai yiwu ba, ɗan'uwa. Ranar Lahadi Bishop da Ditmar za su ratsa ta nan tare, za su yi godiya ga Allah a cocinmu. An aiko cewa kada a bar ko akwati ɗaya a sama. Ba sa son gani."

Ba a tambaye shi ranar da aka rataye ta ba, ba a kuma tambaye shi ranar sauke ta ba. Maza suka zo za su taya shi riƙe igiya kamar dā, ya ce su bari. Ya cire sheƙar tsuntsayen ya ajiye a wani reshe, ya warware ƙullin, ya saki a hankali. Akwatin ya sauko yana juyawa, ba nauyi, kamar kwandon da aka juye. Ya tarbe shi a ƙirji shi kaɗai. Ya shiga ramin ya kwantar da ita, kai yamma, ƙafa gabas, ya matsa da ita har katakon ya taɓa gefen da Irmel take. Fada ya yi addu'ar da aka daɗe ba a ji ba, yana tuntuɓe a wasu wurare don ya soma mantawa.

Herbod ya ɗebi ƙasa ya zuba. Da ta bugi murfin sai ya tsaya ya kasa kunne. Ya ƙara shebur ɗaya, ya sake saurarawa. Sannan ya zauna a kan tulin ƙasar, ya fashe da kuka irin na yaro, baki buɗe, majina tana zuba. Ko'ina a maƙabartar mutane suna sauke nasu suna murna suna rungumar juna. Wasu suka juyo suna kallonsa, suna raɗa cewa tsufa ya taɓa shi, yana kukan matar da ta mutu tun wasunsu ba su yi gemu ba. Ya gama kukansa, ya tashi, ya cike ramin, ya daddale shi da bayan shebur kamar yadda ya yi wa kowa.

Washegari da safe Metza ta zo gidansa da tukunyar miyar kabeji a naɗe cikin tsumma, irin wadda ake kai wa gidan da aka yi rashi. Ta sa baƙin mayafi. Ta ajiye tukunyar a bakin murhu, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ba ta yi ba'a ko ɗaya ba.

"Herbod, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji shi. "Jiya ne, da hantsi."